Kurakuran da na gaji da gani a fom ɗin kason aiki na tallafin bincike

Wallahi na gaji. Duk zangon karatu sai sabon malami ya shigo ofis da fom ɗin kason aiki, wato takardar da malami ke nuna kashi nawa na lokacin aikinsa ya ba kowane tallafi, kuskure iri ɗaya kamar sun haɗa baki. Ina magana ne kan tallafin gwamnatin Amurka, irin na NIH (hukumar binciken lafiya) da NSF (hukumar tallafa wa binciken kimiyya), inda in daga kuɗin tallafi ake biyanka albashi, dole jami'a ta iya nuna cewa aikin da aka biya ka dominsa shi ka yi.

Na farko lissafin awa 40. Mutum ya ce ai na ba binciken nan awa 20 a sati, rabi kenan. Rabin me? Kashi 100 shi ne duk aikin da jami'a ke biyanka a kansa, koyarwa da duba ɗalibai da zaman kwamiti da binciken kansa. In awa 60 kake yi a sati, awa 20 ɗin nan kashi 33 ne, kuma ko a ɗakin gwaji kake kwana jimillar ba ta wuce 100.

Amma wanda ya ƙona ni shi ne ɗauke albashi daga wannan tallafi a kai wancan. A shekarata ta biyu a aikin nan kuɗin wani tallafi ya ƙare, ga ɗalibin digirin digirgir yana tsakiyar aiki, ga wani tallafin na farfesansa da rarar kuɗi zaune, sai na mayar da albashin yaron na wata 4 can, na ce ai duk ɗakin gwaji ɗaya ne, farfesa kuma ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Da odita ta zo ba ta wani sha wahala ba, yaron kawai ta tambaya me yake yi a aikin, bawan Allah ko sunan aikin bai sani ba. Sashenmu ne ya mayar da kuɗin daga asusunsa, ni kuma na yi sati biyu ina rubuta bayani, har yau in na tuna zaman nan sai na ji kunya. Kuma fa mun tsira da sauƙi, jami'ar Yale a 2008 dala miliyan 7.6 ta biya gwamnati a sulhu kan zargin irin wannan sauyin da kuma albashin bazara, wato na watannin dogon hutu. Don Allah ku daina ɗaukar tallafi kamar aljihun riga, wannan ya ƙare a zura hannu a ɗayan. NIH ta ba da kwana 90 daga ranar da aka gano kuskure a gyara, kuskure fa, ba ƙarewar kuɗi ba. Ni kwana 30 nake ba kaina, kuma in na kasa rubuta dalili a layi biyu ba tare da kalmar "rara" ba, to ban taɓa komai.

Sai bazara. Malamin da jami'a ke biyansa albashin wata 9 kawai a shekara ya ɗora watannin hutu kashi 100 a kan tallafi, sannan a cikinsu ya rubuta sabon furofozal, wato takardar neman tallafi, ya tafi yawon buɗe ido da iyali. Haba Farfesa! Neman sabon tallafi ba aikin tsohon tallafi ba ne. Ni ban barin kowa ya wuce kashi 90, wasu ofisoshin na barin 95, ra'ayina ne kawai. Ka kuma tuna NSF a ƙa'ida wata 2 take biya wa babban mai bincike a shekara.

Sauran ƙanana ne. In za ka rage lokacin da ka yi alkawari da kashi 25 ko fiye, wato rubu'insa, misali daga kashi 40 zuwa 30, nemi izinin NIH tukuna. Kar ka rubuta a furofozal cewa za ka ba da lokaci kyauta don burgewa, in an amince ya zama bashi. Sakatare ba ya sa hannu a madadin wanda bai ga aikinsa ba. Kuma kar ka kwafo lambobin bajet ka zuba a fom, bajet hasashe ne, fom abin da ya faru yake tambaya. Ni duk Juma'a layi uku nake rubutawa a ɗan littafi kan inda satin ya tafi, shi nake buɗewa in fom ya zo.