In za ka zaga ƙasashe kai kaɗai, ka cire ranar boda daga lissafi

Jama'a, ga abin da na koya a hanyar Legas zuwa Accra. Duk ranar da za ka tsallaka boda, ka ɗauka ranar mota ce kawai. Kada ka ɗora mata ziyara ko yawon kasuwa.

A taswira tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, sai ka ga kamar ta yini guda ce. Amma boda uku ke gabanka: Seme (Najeriya da Benin), Hilakonji (Benin da Togo) da Aflawo (Togo da Ghana). Kowacce sai ka sauka, ka bi layi a buga maka hatimi, a duba katin rigakafin shawara. Ga canjin kuɗi, naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi. Kuma kai kaɗai ne, babu mai tsare maka jaka.

Ni na tsara ƙasashe huɗu cikin kwana bakwai. Kwatano da Lome ta tagar mota na gan su, har yau abin yana damuna. Yanzu kwana uku nake ba kowane gari. Idan kwanakin ba su isa ba, na rage ƙasa ɗaya. Kuɗin motar ma ya ragu, kuma ka samu zama da mutanen Nima, wata unguwa a Accra, inda Hausa ke biya maka buƙata.

Inda dabarar ba ta aiki: in sari ya kai ka, ko biki mai tsayayyar rana. Nan sai ka yi sammako, ka isa boda kafin rana ta take.