Kurakuran yaranmu sababbin direbobi a Jidda

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga 'ya'yan 'yan uwa. Yaro ya cika shekara 18, ya karɓi lasin, sai ya ɗauka ya gama. Hannu dai ya iya sitiyari, amma ido bai san aikinsa ba.

Babban ciwon shi ne kafa ido a bayan motar da ke gaba. Ni ma da haka nake. Wani dare a wata hanya mara shinge ta wajen Yanbu, ina bin jajayen fitilun wata mota kamar an ɗaure ni da su. Mai motar ya kauce kwatsam, sai ga raƙumi tsaye a tsakiyar titi. Raƙumi ba akuya ba ne, in ka daki ƙafafunsa gangar jikin kan gilashi take faɗowa. Na murɗa sitiyari na faɗa cikin yashi. Motar ta tashi daga aiki, ni kuma wata uku ban ɗaga hannun dama ba. Da na duba can gaba da shi, da na ga abin tun da wuri.

Shi ya sa duk wanda zan koya wa, dole ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki. "Kawu, ga bas ta tsaya, ga ƙafafun mutane ta ƙarƙashinta." "Kawu, wancan tayarsa ta karkato, zai fito." Ya yi shiru minti ɗaya, mu tsaya a gefe. Wasu na cewa takurawa ce. Su ce.

Sai waya. Ku, tarar Sahir, wato kyamarar kama masu karya dokar tuƙi, kawai kuke tsoro, ko kunya babu! A gudun kilomita 120, mota na cin wajen mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Ka leƙa WhatsApp na daƙiƙa uku, ka ratsa filin ƙwallo ido a rufe. Wayar yaro a aljihuna take kwana har mu sauka.

Shataletale: sigina ba ta hana ka duba madubi.

Ruwan farko bayan dogon fari, kwalta santsi take, a rage gudu. In ƙura ta taso, haka nan.

Gab da shan ruwa a watan azumi kuwa, ba na ba sabon hannu mota a titin Haramain. Ya ɗauki dabino ya zauna gefena, ni zan ja.