Yadda Ake Raya Ciyawar Harabar Gida da Takin Gargajiya

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne farkon damina, wajen watan Yuni, sa'ad da ƙasa ta yi laushi. A fara da kaftu mai zurfin kamar santimita 15, a tsince duwatsu da ɓaraguzan siminti da magina kan bari, sannan a tono aya-aya har da 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, domin duk wadda aka bari sai ta sake tsirowa.

Batun taki ne ya fi buƙatar haƙuri. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, na shanu kuwa yana zuwa da irin ciyayi iri-iri, saboda haka a tara shi wuri guda, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa na tsawon wata 2 zuwa 3, har sai ya yi baƙi, warinsa ya gushe. Daga nan a cakuɗa shi da ƙasa, a baje da manjagara.

A ganina ƙiri-ƙiri ya fi kowace ciyawa jure zafin rana da tattaki, ko da yake ba ya son inuwa. A dasa sassansa da tazarar taƙi ɗaya, a danne da ƙafa.

Ban ruwa mai yawa sau 2 a mako da sassafe ya fi yayyafi kullum, domin yana sa saiwa ta nutsa. Wajen yanka kuma kada a cire fiye da sulusin tsawon ganyen, kuma a bar abin da aka yanke ya ruɓe a wurin.