Yadda ake rage bolar roba da tekawe a gidan abinci mai rassa da yawa

Duk wanda gidan abincinsa ya kai reshe uku ko huɗu ya san kuɗin tekawe da cokalin roba da leda ba abin wasa bane a lissafin ƙarshen wata, ka biya ka siyo su sannan ka sake biyan mai kwasar shara ya ɗauke maka su. Ga doka kuma tana matsowa a hankali. Jihar Legas ta hana farar tekawe ɗin nan ta kumfa tun watan Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma suka haɗa da kofin roba da cokalin roba da tsinken zuƙar lemo. A Faransa tun farkon 2023 aka tilasta wa manyan gidajen abinci irin su McDonald's su riƙa zuba wa wanda zai ci a ciki a kwanon da ake wankewa. To in kana Kano ko Kaduna ko Abuja kana da burin buɗe reshe a kudu, gara ka saba tun yanzu.

Abin da na ga masu farawa suna yi kusan iri ɗaya ne. A siyo kwandunan shara uku masu kala, kore da shuɗi da ɗorawa, a liƙa musu takarda, a ɗau hoto a ɗora a Instagram, bayan sati biyu ka leƙa ka ga shinkafa da miya da gorar ruwa da tishu duk a cikin kowanne. Kwando ba shi ne farkon aikin ba.

Fara da reshe ɗaya tak, kuma ba wanda ya fi ciniki ba, ɗauki matsakaici. Ka sa mai kula da sito ya rubuta tekawe nawa ke fita kullum har sati ɗaya, mai karɓar kuɗi kuma ya rubuta oda nawa aka ci a ciki, nawa aka fita da ita. In ka haɗa lissafin biyu za ka gane inda ake maka ɓarna, domin a wurare da yawa mutum yana zaune a kan tebur ake kawo masa abinci a tekawe, ba don ya nema ba, kawai yara ba sa son tara wanke-wanke ne. Wannan kaɗai in ka toshe ka rage bola mai yawa ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Sai faranti. Silba za ka siya, mai kauri wanda ba ya tsatsa, kar wani ya ruɗe ka da ado. Tangaran yana da kyau a ido amma a wajen da ake sauri fashewa yake, kuma in ya fashe ba mai siyan ɓallinsa. Farantin melamin shi kuma wuƙa da cokali mai yatsu suna karce shi, manja ya shiga karcen ya rine, ga shi ba a saka shi a injin ɗumama abinci. Silba ko ya lotse ya gama yayi 'yan gwangwan za su auna su biya ka. Ka siyi iri ɗaya girma ɗaya a duk rassa saboda in wani reshen ya samu taron biki a ara daga wani. Yawansu kuwa ni ƙa'idata ninki uku na kujerun da ke wajen, ɗaya a kan tebur, ɗaya a wajen wanki, ɗaya yana bushewa. Eh kuɗi ne da yawa a tashi ɗaya, in aljihu bai kai ba a fara da faranti da kofi, kwanon miya ya biyo baya. A kai wa masu zane a ƙarfe su buga sunan gidan a ƙasan kowanne, har cokali.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, wajen kwashe kwano daga tebur.

Ka tsaya gefe da ƙarfe biyun rana ka kalli yaron da ke kwashewa. Zai ɗora faranti a kan faranti, ya cusa gorar ruwa da ledar fiya wata da tishu da ƙashin kaza a cikin na sama, miya tana zuba a kansu, ya je bakin ƙofar kicin ya kife duka a bokiti ɗaya, sau da yawa har da cokalinka a ciki. Daga wannan lokacin an gama, robar da ta sha mai da miya babu dilan da zai siye ta da daraja, ragowar abincin da ya haɗu da leda da tsinken sakace babu mai kiwon da zai ba dabbarsa, kuma ba wanda za ka ce ya zo da daddare ya sa hannu ya tsince. Shi ya sa rabuwar dole ta faru a kan tebur ɗin, kafin komai ya taɓa miya. Busassun abubuwa ake fara ɗauka: gora, gwangwanin lemo, leda, a zuba a ƙaramin kwandon da ke hannunsa ko a jikin tiren. Sannan cokula su shiga wani kofi daban. Faranti shi ne na ƙarshe. Wannan jerin sai an koya wa yara da hannu, ba a faɗa da baki a mitin ba, manaja ya ɗau tire da kansa ya yi sau biyu uku suna kallo.

A bakin kicin kuma a kafa tebur ɗaya wanda aikinsa kenan, da mutum ɗaya da ake kira da suna in abu ya lalace. In ka ce aikin kowa ne to ka sani ba na kowa bane. A kan teburin akwai bokitin ragowar abinci mai murfi da ɗan katako ko roba ta kankare faranti, akwai baho mai ruwan omo na jiƙa cokula, a ƙasa kuma buhuna a rataye, ɗaya na gora, ɗaya na gwangwani, ɗaya na leda, kwali kuma a buɗe shi a shimfiɗe a jingine. Buhu ya fi kwandon nan mai kala, in ya cika ɗaurewa kawai za a yi a sa wani. Bakin bokitin abincin a ɗora masa raga mai faɗin ido, ita ce za ta tare maka cokulan da a da suke tafiya bola ana zargin kwastoma da sata. Kuma don Allah kar a sa teburin nan a lungun da babu haske ko inda mutum biyu ba za su gifta juna ba, na ga wajen da komai an tsara shi daidai amma saboda matsi yara suka koma kifewa a bokiti ɗaya cikin kwana kaɗan. Kar kuma ka dogara da kwastoma ya raba maka shara, namu mutanen in sun ci sun tashi ne, ba laifi bane, haka aka saba.

A bambanta abincin da ya rage a tukunya da wanda ya dawo a faranti. Na tukunya mai kyau ne, a raba wa ma'aikata ko almajirai da mabuƙata tun yana da zafi. Na faranti na masu kiwo ne ko taki, kuma kullum ake fitar da shi, in ya kwana a zafin nan ƙuda da wari za su kore maka mutane.

Wanki baho uku ne a jere, na omo da ruwan ɗumi, na ɗauraya, sai na kashe ƙwayar cuta. Na ukun ruwan sanyi ne da bilic, in kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin 100 kamar yadda aka saba gani, cokalin cin abinci biyu zuwa uku ya ishi lita 20, faranti ya yi minti ɗaya a ciki. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanki. A jera a kan kanta mai rami iska ta busar, ba a gogewa da tsumma, tsumman nan ɗaya da ake yini ana goge komai da shi yana mayar da dattin da aka wanke ne. Ka sa kuɗin ruwa a lissafinka in 'yan ga-ruwa ke kawo maka, wani reshen ma sai ka ga ruwan ne ya cinye rabin ribar.

Masu fita da abinci su ba yadda za ka yi sai ka ba su mazubi. Ka bar farar tekawe ta kumfa gaba ɗaya, yawancinta iska ce, ba ta da nauyi a sikeli shi ya sa ba mai tsintarta, ƙarshenta kwata. Ka koma robar da ke da lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku a ƙasanta, tana jure zafi kuma mata suna wankewa su ci gaba da amfani da ita a gida. Kofin takarda kar ya burge ka, cikinsa shafe yake da siririyar roba. Cokali kuma sai an tambaya, wanda zai ci a gida me zai yi da shi? Wanda ya zo da kularsa a rage masa wani abu ko a ƙara masa nama.

Sayar da abin da aka ware ba shi da wahala. Gorar ruwa lamba 1 ce, masu zoɓo da kunun aya suna siyan masu tsabta da murfinsu, sauran a take su a cusa a buhu. A Kano dilolin da ke kai wa kamfanonin roba na Sharada da Challawa suna siya da kilo, ka daidaita da guda ɗaya ya riƙa zuwa rana ɗaya a sati, a auna a gaban manaja a rubuta. Tsohon man suya a tara a jarka a ba masu sabulu, ban da masu sake soya abinci da shi. Kuɗin da aka samu a ba yaran teburin kwashewa kasonsu a hannu ranar da aka sayar. In reshen farko ya yi wata biyu ba tangarɗa, ɗauki yaron da ya fi iyawa ka kai shi reshe na biyu ya yi sati yana koya musu, motar da ke raba kayan miya da safe ita za ta riƙa dawowa da buhunan wuri ɗaya.