Kurakuran da aka fi yi a madatsar lakar ma'adinai, da yadda ake gyara su

Bakano in ya ji an ce dam, Tiga yake tunawa, ko Challawa, ko Watari. Waɗannan an gina su ne da ƙasar da aka zaɓa aka daddage, an kuma gama ginin kafin a tara ruwa, domin ruwan da ke ciki dukiya ne. Madatsar lakar ma'adinai kuwa juji ce. Bayan an niƙe dutse an wanke an cire kuza ko zinare, abin da ya rage garin dutse ne a dame da ruwa, kamar kunu. A tan guda na dutsen zinare, abin da ake nema bai wuce 'yan giram ba, saura duk juji za shi. Wannan kunun ake turawa ta bututu zuwa bayan wani bango, ana ƙara wa bangon tsayi shekara bayan shekara muddin injin niƙa yana aiki. Jujin ba ya kawo ko kwabo, shi ya sa shi ne farkon inda ake tsuke bakin aljihu.

Masu kuɗin da ke zaune a Kano suna da hannu a ramukan Riruwai, da na Zamfara da Neja da Filato, kuma da yawansu ba su taɓa taka bangon madatsarsu ba. Ga wanda wurinsa yake kudancin jihar nan, ya tuna cewa ruwan da ya gangaro daga duwatsun can Kogin Kano yake bi, ya zuba Tiga, ya shayar da gonakin Kura da Bunkure, ya iso Tamburawa. Kusan duk kuskuren da za mu ambata a nan, in ka bi salsalarsa, ruwa ne aka bari ya je inda bai kamata ba.

Mu fara da ɗora bango a kan laka. Hanya uku ake ƙara wa madatsa tsayi: a matsa da sabon bangon ciki, a kan lakar da aka zuba, a matsa da shi waje, a kan ƙasa mai ƙwari, ko a ɗora shi tsaye a kan tsohon. Ta farko ita ce mai araha, ita ce kuma ta fi kashe mutane. Lakar da aka zuba da ruwa a sake take, ƙwayoyinta ba su matsu ba, ruwa ya cike tsakaninsu. Da ido za ka ga ta bushe, har mota ta hau. Amma in nauyi ya yi mata yawa, ko ta ɗan girgiza, sai ruwan da ke ciki ya ɗauke nauyin, ta narke nan take. Wanda ya taɓa bubbuga ƙafa a kan jiƙaƙƙen yashin bakin kogi ya ga yana komawa ruwa-ruwa, ya san abin da ake nufi. Haka ta faru a Brumadinho ta ƙasar Barazil ranar 25 ga Janairun 2019: bango mai tsayin mita 86 ya zube cikin daƙiƙu, mutum 270 suka rasu. Barazil ta haramta irin wannan gini bayan nan. Ƙasar Chile tun 1970 ta haramta shi, bayan girgizar ƙasar 1965.

Sabuwar madatsa a gina ta da hanyar matsawa waje. Ƙasar bangon a zuba ta hawa-hawa, kauri kada ya wuce santimita 20 zuwa 30, a jiƙa daidai, rola ta bi, a ɗauki samfur a auna, sai ya kai kashi 95 cikin ɗari na iyakar matsewar da aka samu a ɗakin gwaji kafin a ɗora wani hawan. Abin da aka fi gani a ƙananan wurare shi ne tifa ta juye, katafila ta baje, a ce an gina bango. Wannan tsibi ne kawai. Gangaren waje kuma a kwantar da shi, tsayin mita 1 ya ci faɗin mita 3. Wanda ya riga ya gaji madatsar da aka ɗora a kan laka, ya rage saurin hawanta, ya tare ƙafarta ta waje da tokaren duwatsu, ya sa injiniyan ƙasa ya yi lissafi: ƙarfin da ke riƙe bangon ya kamata ya ninka wanda ke ture shi sau ɗaya da rabi. A kuma tambaye shi a fili ko lissafin ya haɗa da halin da lakar za ta shiga in ta narke, don a nan ne takardu da yawa suke yin shiru.

Kuskure na gaba shi ne mayar da madatsa tafki. Ana yi ne da gangan, musamman a ƙasa irin tamu da rani yake da tsawo: manaja yana son ya tara ruwan damina don injin wanki kada ya tsaya a watan Maris. Sai ruwa ya taru har ya jingina da bango. A tsarin da ya dace, ana zuba laka ne daga kan bango ta bakin bututu da yawa, ana juya su, yashi mai nauyi ya kwanta kusa da bango ya yi gaɓa mai faɗi, ruwa kuma ya koma can tsakiya ko can ƙarshe inda famfo ko hasumiyar da ke janye ruwan tafkin take. In aka bar bututu guda yana zuba a wuri ɗaya, shi ne zai kora ruwan zuwa bangon da ke ɗaya gefen. A Merriespruit ta Afirka ta Kudu, ranar 22 ga Fabrairun 1994, ruwan sama na kusan milimita 50 ya sauka a kan madatsar da tafkinta ya riga ya matso bakin bango. Ya tsallake, ya zaizaye, laka ta shiga unguwa, mutum 17 suka mutu.

Milimita 50 ba wani abu ba ne a watan Agustan Kano. A yi lissafi: ruwan milimita 100 a kan fili mai hekta 10 lita miliyan 10 ne, wato tankar mai mai lita 33,000 sau 300, kuma ba a saka wanda zai gangaro daga tudun da ke kewaye ba. Dattawa ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, shi da ma don ruwa aka gina shi. Saboda haka a haƙa magudana a kewaye madatsar ta sama, ruwan tudu ya wuce ta gefe. A kafa ma'auni mai zane a cikin tafkin, a rubuta tazarar da ke tsakanin ruwa da mafi ƙasƙancin wuri a kan bango, ba mafi tsayi ba. A ƙaramar madatsa ma kada ta gaza mita guda bayan an cire wurin ruwan sama mafi girma da aka yi tanadi. A fitar da hanyar rarar ruwa ta cikin ƙasa mai ƙwari ko dutse, a gefe, ba ta kan bangon ba. Kuma wanda ya dogara da famfo, ya tambayi kansa yaushe aka fi ɗauke wuta. Lokacin hadari ne. Janareta da dizal ɗinsa da famfo na biyu su kasance a wurin tun watan Mayu. Ruwan rani kuwa a yi masa tafkinsa dabam.

Akwai wanda ba a gani, wato ƙasar da ke ƙarƙashi. A Mount Polley ta Kanada, ranar 4 ga Agustan 2014, bangon ya zame ne saboda wani shimfiɗin yumɓu mai laushi a ƙasa wanda binciken farko bai gano yanayinsa ba, ga shi kuma an miƙe gangaren da yawa. A nan gida abin da ke yaudara shi ne fadama. Kwari ne, bango gajere ya isa ya tare shi, sai a ga araha. Ƙasar fadama da rani ƙarfe ce, da damina sabulu. A haƙa ramukan gwaji da rijiyoyin bincike a layin bangon, a zurfafa aƙalla daidai da tsayin da bangon zai kai a ƙarshe, a kai samfur ɗakin gwaji. A kwashe ƙasar sama da saiwoyi, a tone duk wani suri har gindinsa, domin hanyoyin gara bututu ne da ruwa zai bi. A nemi tsofaffin ramukan haƙa ma. A wurin da aka daɗe ana aiki irin Riruwai, ba duka ne suke cikin taswira ba.

Sai tsiyaya. Kowace madatsa tana tsiyaya, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa launin ruwan da yawansa. A tattara shi wuri guda a ƙafar bango, a riƙa auna daƙiƙa nawa yake ɗauka ya cika bokiti mai lita 20, a rubuta. In garau yake kuma bai ƙaru ba, a ci gaba da sa ido. In ya fara fitowa da ƙasa-ƙasa, to cikin bangon yake kwashewa, rami yake yi yana komawa baya, kuma wannan na iya kai wa ga ɓallewa cikin awanni. A nan mutane suke yin kuskuren da hankali yake ba su: a kawo yumɓu ko siminti a toshe. Toshewa tana tara ƙarfin ruwa a cikin bangon, ya ɓullo ta wani wuri da ya fi muni. Abin yi shi ne a shimfiɗa yashi mai tsafta a kan wurin, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya, a lokaci guda ana rage tafkin, an kuma dakatar da zuba laka. Haka in magudanar ƙarƙashi da ta saba zuba ta ƙafe alhali tafki bai ragu ba, ba abin murna ba ne. Toshewa ta yi.

Ruwan da ke cikin jikin bango ana auna shi da bututun awo: bututun roba mai faɗin milimita 50, a tsattsaga ƙasansa, a kewaye da yashi, a liƙe samansa da yumɓu don ruwan sama kada ya bi. Wurare da yawa suna da su, har da littafin da ake cikewa duk mako. Matsalar ita ce babu wanda ya rubuta adadin da in an kai shi za a yi wani abu. Kowane bututu ya sami matakinsa uku a rubuce: inda ake ci gaba da aiki, inda ake ƙara yawan awo a kira injiniya, da inda ake tsayar da inji a fitar da mutane. Mai gadin dare ma ya san na ukun, kuma ya zama yana da ikon busa ƙaho ba sai ya nemi maigida a waya ba. Da damina awon kullum ne, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi, tare da zagaye a ƙafa ana neman tsaga a kan bango, kumburi a ƙafarsa, ko ciyawa mai kore shar a inda sauran suka bushe. Takardar shaidar lafiya ba ta maye gurbin wannan. Madatsar Brumadinho tana da irin wannan takarda, 'yan watanni kafin ta zube aka sa mata hannu.

Ita dai wannan madatsar, tun 2016 aka daina zuba mata laka. Wannan ya isa amsa ga masu cewa tsohuwar madatsa ta mutu. A wurinmu ma haɗarin tsohuwa ya fi, don masu haƙar gargajiya suna komawa su tona ta neman abin da tsohon inji ya bari, masu tifa kuma suna ɗibar yashi, kuma duk daga ƙafar bango suke farawa saboda nan ne mota take isa. Ƙafar ita ke riƙe da sauran. In za a sake wanke tsohuwar laka, daga sama ake kwasa, hawa-hawa, bayan an janye ruwa.

Ko bango bai faɗi ba, abin da ke ciki yana kisa. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. Busasshiyar laka a buɗe lokacin hunturu irin wannan ƙurar ce take tashi. A riƙa jiƙa saman da ake aiki, wanda aka gama da shi a rufe da marmara da ƙasar shuka. Inda ake amfani da sinadarin sayanaid, ko dutsen yana da farar wuta da ke mayar da ruwa tsami, a shimfiɗa baƙar leda mai kaurin milimita 1.5 a kan daddagaggen yumɓu, a haƙa rijiyoyin gwaji sama da ƙasa da madatsar, a auna ruwansu tun kafin a fara aiki don a sami abin kwatance. A Baia Mare ta Romaniya a 2000, madatsa ta ɓalle, ruwa mai sayanaid ya bi Kogin Tisza har Danube yana kashe kifi. A Zambiya kuma a Fabrairun 2025 wata madatsar ta ɓalle, ruwa mai tsami ya shiga Kogin Kafue, sai da aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe. A yi shinge, don shanun makiyaya da yara masu wanka ba su san bambancin wannan tafki da kududdufi ba.

Dokar ma'adinai ta 2007 da ta tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992 sun wajabta bincike da shirin gyara wuri, amma takarda ba ta faɗa maka wa zai tashi da tsakar dare. Ƙa'idar duniya ta kula da irin waɗannan madatsu da aka fitar a watan Agustan 2020 ta matsa a kan wannan: a ambaci babban jami'i guda da alhakin yake wuyansa, da injiniya guda da ya san ginin tun daga tushe, da masu bita na waje da ba sa cin albashin wurin. Ƙaramin kamfani ma zai iya wannan daidai ƙarfinsa. Abin da bai kamata ba shi ne mai kula da yawan abin da ake fitarwa ya zama shi ne mai yanke hukuncin tsayar da inji.

A Brumadinho, ɗakin cin abinci da ofisoshi a ƙarƙashin bangon suke, lokacin cin abincin rana ne, ƙahon gargaɗi kuma bai yi kuka ba. A sa injiniya ya zana inda laka za ta bi in bango ya ɓalle da minti nawa za ta ɗauka. Duk abin da ya faɗo cikin zanen, ɗakin kwanan leburori ne, masallaci ne, rumfar mai shayi ce, a tashe shi zuwa tudu. Ƙauyen da ke ƙasa a zauna da dagaci da masu unguwanni da limamai a nuna musu zanen, a zaɓi tudun da za a gudu, gefe da hanyar ruwa, ba tare da ita ba. Ƙahon a kafa shi a inda laka ba za ta kai ba, da batirinsa, a haɗa da lasifikar masallaci. A gwada gudun sau ɗaya a shekara kafin ruwan farko, da agogo a hannu, a ga tsofaffi da masu goyo minti nawa suke ɗauka su kai.