Yadda Za Ka Gabatar Wa Ɗalibai Kiɗan Steve Reich Da Tafi Kawai

Kada ka fara da tarihin mutumin. Yaro ɗan shekara goma ba ruwansa da ranar haihuwar wani Ba'amurke, sai in kiɗan ya riga ya shiga jikinsa. Shi ya sa na fi son a fara da Clapping Music, wanda Steve Reich ya tsara a 1972. Ba ganga, ba fiyano, mutum biyu ne da tafukan hannayensu.

Mataki na farko, koya wa aji duka salon tafin. Bugu 12 ne: tafi uku, shiru, tafi biyu, shiru, tafi ɗaya, shiru, tafi biyu, shiru. Zana shi a allo, ɗigo wurin tafi, fili wurin shiru. A yi ta maimaitawa a hankali har a daina kallon allon. Wurin shirun nan yara suka fi tuntuɓe, don haka ka sa su gyaɗa kai duk inda babu tafi.

Na biyu, raba su gida biyu, kuma a nan aikin yake. Rukunin farko ba ya canzawa ko kaɗan. Rukuni na biyu, in an maimaita kamar sau takwas, sai ya ɗauke bugun farko ya kai shi ƙarshe, ya fara daga na biyu. Nan take tafin wannan zai faɗa cikin shirun wancan, wani sabon kiɗa ya ɓullo wanda ba wanda yake tafa shi shi kaɗai. In aka goce haka sau 12, sai a sake haɗewa kamar farko. Ranar farko gocewa biyu ta isa. Ka lura, masu tsayawa wuri ɗaya su ne kiɗan ke ja, za ka ga yaro ya runtse ido yana cije leɓe don kada maƙwabcinsa ya ɗauke shi. Ka sa waɗanda suka saba tafin gaɗa a wannan rukunin, hannunsu ya fi zama.

Sai yanzu ka kunna musu ainihin kiɗan, ka faɗi sunan mai shi. An haife shi a New York a 1936. A 1970 ya je Ghana ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe a hannun makaɗi Gideon Alorwoyie, ya dawo ya tsara kiɗansa mai suna Drumming. Wannan labarin yana da muhimmanci a wurina: yaranmu su san cewa gwanin da ake saurara a manyan zaurukan Turai ya zauna ɗaukar karatu a gaban makaɗin Afirka.

Ga manyan ɗalibai, ƙara da wani kiɗan nasa, Different Trains na 1988. Reich Bayahude ne, yana yaro yana kai-komo a jirgin ƙasa tsakanin New York da Los Angeles wajen iyayensa da suka rabu, daidai lokacin da ake cusa yara irinsa cikin wasu jiragen a Turai zuwa sansanonin 'yan Nazi. A wannan kiɗan ya yi amfani da muryoyin mutane da aka naɗa, kayan kiɗa masu tsirkiya suna bin hawa da saukar maganarsu. Duk wanda ya taɓa jin kalangu yana kirari zai gane dabarar nan da nan.

Aikin gida: kowa ya naɗi jimla ɗaya daga bakin kakarsa a waya, ya zo aji ya rera karinta da baki rufe, sauran su lalubo abin da ta ce.