Yadda za ka koyi hawan doki ba tare da ka ɓata masa baki ba

A bargar kawuna na fara, ina ɗan shekara 12, kuma sai da na yi wata biyu cur ban sa ƙafa a likkafa ba. Aikina kwashe kashi, zuba harawa, jiƙa dusa da kanwa, da jan wani tsohon akawal, wato baƙin doki, zuwa shan ruwa. Yau duk yaron da aka kawo mini, nan nake fara ajiye shi, domin dokin da bai san muryarka ba, ba zai saki jiki da kai ba.

Ka tunkare shi ta kafaɗar hagu kana yi masa magana. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, shi ya sa yake harbi in an ɓullo masa ta can. In ya kwantar da kunnuwa baya, dakata.

Hawan farko a kan tsohon doki mai sanyin hali ake yi, ba ingarma ba. Ka ɗaure majayi, wato abin ɗaure sirdi a cikin doki, sama-sama, ka ja dokin taku goma, sannan ka ƙara matsewa. In ka hau, dunduniya ƙasa, baya a miƙe, ido a kan hanya. Tafiya tukuna, sai sassarfa, sukuwa kuwa sai zamanka ya kafu.

Inda hanyoyi suka rabu shi ne linzami. Namu na gargajiya ƙarfe ne mai nauyi, yana da harshe mai danna ganɗa da zobe mai kama haɓa. Da shi ake zamiya a jafi, doki ya taho a guje ya tsaya cak gaban Sarki. Gwani da ƙyar yake taɓa linzamin. Ni ranar da na fara sukuwa tsoro ya kama ni, na rataya a jikin linzamin, da na sauka sai ga jini a yawun akawal ɗin. Kwana uku bai ci hatsi da kyau ba, har yau abin yana damuna. Don haka ɗan koyo ya fara da ragama, wani na riƙe da asalwayi, wato igiyar jan doki, ko da linzami mai gaɓa a tsakiya wanda ba shi da harshe.

'Yan folo, wasan ƙwallo a kan doki da ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Dikko, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi, sun koya mini wani abu dabam. Sanda na hannun dama, linzami na hagu, saboda haka dokinsu yana juyawa da zarar igiya ta taɓa wuyansa, mahayi ya karkata jiki. Sirdinsu shafaffe ne, babu kwacciya, wato tudun sirdi, da za ta tare ka, dole cinya ta yi aiki. Kuma bayan zagayen minti 7 sukan sauya doki, ba sa jira sai ya galabaita.

Akwai kuma hanyar Monty Roberts, Ba'amurken nan mai horar da dawaki da Sarauniyar Ingila ta gayyata fadarta ta Windsor a 1989. A shinge mai zagaye yake kora dukushi, wato ɗan doki, har ya sunkuyar da kai yana lasar baki, sai ya juya masa kafaɗa, dukushin ya biyo shi da kansa. Na gwada, yana aiki. Abin da ban ɗauka ba shi ne ɗora sirdi da mahayi cikin rabin awa. Ni makonni nake yi: tsumma a baya, sai jalala, wato shimfiɗar sirdi, sai sirdi ba kowa a kai. Ba na hawan dukushi sai ya cika shekara 3, don ƙashin bayansa bai gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6.

Abin da babu shingen da zai koya masa shi ne ranar hawa. Dokin da bai taɓa jin kakaki, tambari da ƙarar 'yan bindiga ba, zai iya kai ka ƙasa a Hawan Daushe. Tun farkon azumi ka riƙa fita da shi kilisa da yamma, kusa da tsohon doki da ya saba, ka bi da shi inda ake hayaniya, daga nesa tukuna. Kayan kwalliya ma ka sa masa ɗaya bayan ɗaya, kwana goma kafin Sallah ya zamana ya yi tafiya da su gaba ɗaya.